Bugu Biyu a Jikin Mota

Tun ranar da likita ya ce idon Baba Direba ya daina gani ta gefe, kamfani kuma ya karɓe makullin tirela, gidan nan bai sake samun sakat ba. Mutumin da ya tsufa a kan titi, wai yau an ce ya zauna ya huta. Ina hutu! Ya zauna a falo, ya miƙe, ya leƙa ƙofar gida, ya dawo ya gyara labulen da ba abin da ya same shi. Matarsa ta ce da can addu'a take yi Allah ya dawo da shi lafiya, yanzu kuwa neman inda za ta aike shi take yi.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ƙaramar motar babbar 'yarsa, malamar makaranta. Kullum da safe sai ta yi ta fama kafin ta fito da ita da baya ta tsakanin katanga da tankin ruwa, shi kuwa yana daga taga yana cizon leɓe. In ta ɗauke shi zuwa asibiti, ƙafarsa ta dama ba ta daina taka birkin da babu shi. Tsoronsa ɗaya ne, kuma ya sha faɗa wa matarsa: in ba ya tuƙi, to shi wane ne a gidan nan?

Wata safiya malama ta bar makulli a kan tebur ta shiga wanka. Baba ya zagaya teburin, ya sake zagayawa, sai ga shi a mota. Fito mata da ita kawai zai yi, in ji shi.

To, a tirela direba ba ya ganin bayansa. Abokin tafiyarsa ne ke sauka ya bugi jikin mota: bugu ɗaya, taho, bugu biyu, tsaya. Baba ya sa giyar baya, ya saki birki, kunnensa na jiran bugu biyu kamar yadda ya saba. Babu wanda ya buga. Ƙarar ƙarfe kawai ya ji.

Keken jikarsa ne a ƙarƙashin taya, ya lanƙwashe. Yarinyar tana bakin ƙofa da burodi a hannu, ta sauka daga kansa ke nan. Malama ta fito da gudu, ta rungume 'yarta. Da hannu biyu Baba ya miƙa mata makullin.

Ya yi kwanaki a ɗaki, ko taga bai leƙa ba. Matarsa da ke ƙorafin zirga-zirgarsa ita ce ta koma leƙa shi.

Ran nan malama na kokawa da sitiyari, sai ta ji an bugi bayan motar sau ɗaya. Ta duba madubi, ga Baba tsaye, hannu ɗaya a katanga, ya riga ya kora jikar cikin gida.

"Baba, ka matsa kada in taka ka."

"Ke dai taho. In kin ji biyu, ki tsaya."

Ta taho a hankali. Ya buga biyu, ta tsaya cak.