Ƙarfen da ke Bayan Babur

Cikin duk ranakun da na yi a wannan aiki na jin ra'ayin jama'a, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce wata Alhamis, saura mako uku a yi zaɓen shugaban ƙasa, da shugabar tawagarmu Hajiya Gaje ta kira ni ta ce in miƙo mata na'urar da nake shigar da amsoshi. Duk sanda aka ba ni sababbin shiga irinku in horar, da wannan labari nake farawa, ko da yake ban fito da kyau a cikinsa ba.

Lokacin ina ƙaramar mai tambaya, matakin da kuke kai yanzu. A samana akwai shugabar tawaga, a samanta kuma akwai masu tantancewa a ofishinmu na Kano, waɗanda suke duba duk amsar da muka tura. Ƙa'idar ba ta canza ba har yau. Za ki tsaya a ƙofar masallacin Juma'a ko makarantar firamare, ki tsallake gida huɗu ki shiga na biyar. Idan kin tambayi namiji a wannan gida, mace za ki nema a na gaba. Mutum goma sha biyu a rana. Babbar doka kuma ita ce kada kowa ya tsaya inda zai ji amsar da ake ba ki.

An ba ni wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, can cikin gonakin noman rani. Ba zan faɗi sunansa ba. Ranar Litinin da safe motarmu ta sauke ni a bakin kwalta, direba ya nuna mini wata hanya da ta bi gefen kanal, wato magudanar ruwan ban gonaki, ya ce, "Miƙe kawai, Na'ima, ba nisa." Ashe tafiyar kusan awa ɗaya ce.

Ni 'yar cikin birni ce, ban taɓa ganin kore irin wannan a tsakiyar rani ba. Shinkafa ta shimfiɗu iya ganina, tumatir ya yi ja a cikin kwanduna, ruwa yana gudu a hankali, balbelu suna bin shanun Fulani a kan kunya. A lokacin jakata ba ta rabuwa da littafin soyayya, sai na ji kamar na shiga cikin ɗaya daga cikinsu. A irin wurin nan ne jarumi yake bayyana. Ban gama tunanin ba sai ga babur ya tsaya a gefena.

Dogo ne, baƙi, mai sanyin murya, ya naɗe ƙafar wandonsa saboda laka. Ya yi sallama ya ce, "Malama, da wannan takalmin ba za ki kai gari kafin azahar ba. Sunana Shu'aibu. In ba damuwa in rage miki hanya."

Na hau. A bayan babur ɗin an ɗaure wani dogon ƙarfe mai hannu biyu da roba. Ya tokare ni, na gyara zama. Na ɗauka kayan gyaran babur ne.

Na bayyana masa aikina, na ce doka ta hana kowa sauraro. Ya ce ai shi ba ruwansa da siyasa. Kuma gaskiya bai taɓa matsowa kusa ba. Sai dai ya kai ni ƙofar gida, ya kafe babur ɗin a jikin zaure, ya tafi can gindin bishiya ya zauna. Idan na fito ya turo shi zuwa gida na gaba. Haka ya yi mini kwana uku, har da kawo mini kankana da rana. Na faɗa wa kaina cewa mutum ba ya barin aikinsa kwana uku saboda baƙuwa sai da dalili, kuma na zaɓi dalilin da ya fi yi mini daɗi.

Aikin ya zo da sauƙin da ya kamata ya ba ni tsoro. Ba wanda ya ƙi ni. Maza suna shimfiɗa mini tabarma a zaure, mata suna kawo ruwa a kofi mai murfi. Idan na zo tambayar da ta fi kowace nauyi, wato da yau ne zaɓe wa za ka zaɓa, ba mai jinkiri. Suna ɗaya suke faɗa, sunan ɗan takarar da fastarsa ta rufe bangon wani babban gida a tsakiyar gari. Mutum talatin da shida, amsa ɗaya. Na tura ina murna, wai na samu gari mai haɗin kai.

Ranar Alhamis Hajiya Gaje ta karɓi na'urar ba tare da ta amsa gaisuwata da kyau ba. Mace ce da ta shekara fiye da goma a aikin, ba ta ɗaga murya.

Ta ce, "Na'ima, a gindin wace bishiya kika zauna?"

Kun san abin da ake nufi da wannan a sana'armu. Malalacin mai tambaya yakan samu inuwa ya cika amsoshi da kansa. Wanda aka kama da haka korarsa ake yi, kuma labarinsa yana riga shi isa duk wani kamfani mai irin aikinmu.

Na ce, "Wallahi, Hajiya, gida-gida na bi."

"Ko 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ba sa haɗuwa a kan mutum ɗaya haka. Ofis sun kira mutum shida cikin lambobin da kika rubuta. Huɗu sun ce ba su san zancen ba. Biyu sun kashe waya."

Mutanen da suka ba ni ruwa da hannunsu, su ne suka ce ba su gan ni ba. Na fara zargin kowa: masu tantancewa, direba, har abokiyar aikina da aka ba garin Kadawa, wadda na san ta so ƙauyen nan. Mutum ɗaya ne ban zarga ba.

Hajiya ta ce, "An dakatar da ke. Ranar Asabar za mu yi bin sawu. In mutum ɗaya bai shaide ki ba, ba abin da zan iya yi miki."

Bin sawu shi ne shugabar tawaga ta koma da ƙafarta gidajen da aka ce an shiga, ta tabbatar. Da muka sauka a bakin kwalta na ce akwai wanda zan iya kira ya ɗauke mu. Ta dube ni ta gefen ido ta ce da ƙafa za mu je.

Gida na farko, mutumin da ya shimfiɗa mini tabarma ranar Litinin ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, baƙi suna da yawa a wannan lokaci. Ban riƙe fuska ba." Gida na biyu aka ce matar ta tafi unguwa, alhali ina jin muryarta a ciki. Gida na uku ma haka. Hajiya tana rubutu, ba ta kallona.

A hanyar fita muka tarar da wata tsohuwa a bakin gonarta tana ware tumatir, mai kyau a kwando, ruɓaɓɓe a gefe. Inna Tabawa ce, ta tara a jerin ranar Talata. Hajiya ta durƙusa ta gaishe ta, ta sa hannu tana taya ta. Sai da suka kusa cika rabin kwando sannan ta nuna ni ta ce, "Inna, kin san yarinyar nan?"

"Na san ta mana. Ba ita ce ta zo da ƙarfe ba?"

"Wane ƙarfe?"

"Na buɗe ruwa. Wanda yake bayan babur ɗin Shu'aibu." Ta jefa wani tumatir gefe. "'Yata, ke baƙuwa ce. Nan sau ɗaya a mako ruwa yake zuwa layinmu. Ciyaman na ƙungiyar masu ban ruwa shi yake tsara wanda za a ba, Shu'aibu ɗan ƙanwarsa shi yake murɗa ƙofar ruwan. Tumatir in yana fure ya rasa ruwan mako ɗaya, sai dai ki tara kara. To ga ƙarfe a ƙofar gidana, ga yarinya tana rubuta sunana da lambar wayar ɗana, tana tambayata wa zan zaɓa. Ga kuma fasta a bangon ciyaman. Me kike so in ce?"

Hajiya ta ce, "Wani ya umarce ku ne?"

"Sai an umarci mutum? Ba wanda ya ce mana uffan."

"An taɓa hana wani ruwa saboda zaɓe?"

"Ban gani ba. Kuma ba na so a fara gani a kaina."

Hajiya ta rage murya ta ce, "To Inna, yau ba babur, ba ƙarfe. Tsakanina da ke, wa za ki zaɓa?"

Tsohuwa ta yi dariya har ta tafa hannu. Ta ce, "Ke kuma ƙarfen wa kika ɓoye a jakarki? Bar ni da akwatin zaɓe, ranar za mu gana."

Da muka miƙe Hajiya ta ce mini, "Ruwa ba ya tsami banza. Ba ƙarya kika yi ba, amma abin da kika kawo mana ba ra'ayi ba ne. Wa ya ce ki hau babur ɗin mutumin da ba ki tambayi sana'arsa ba?" Gaskiyarta ne, domin ba sana'arsa nake kallo ba.

A mahaɗar kanal muka iske Shu'aibu tsaye a kan ƙofar ruwa, ya sa ƙarfen yana murɗawa, ruwa yana kwarara zuwa wani layi. Na nemi izinin Hajiya na matsa kusa.

Na ce, "Malam Shu'aibu, ka san abin da babur ɗinka yake faɗa a ƙofar gidajen mutane?"

Bai daina murɗawa ba. Ya ce, "Ni dai na ga baƙuwa a rana na taimaka."

"Kawunka ne ya turo ka?"

"Ya tambaye ni wace ce ke. Na ce ban sani ba tukuna." Ya share gumi. Har yau ban san yadda zan ɗauki wannan amsa ba.

Na ce, "To ba na'ura a hannuna yau. Kai wa za ka zaɓa?"

Ya tsaya. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, gefen kanal ba kowa sai balbelu. Sannan ya dubi Hajiya da ke tsaye nesa da littafinta, ya ce a hankali, "Wa zai ga amsar?"

An soke amsoshina talatin da shida. Ba a kore ni ba, amma an ba ni takardar gargaɗi, aka mayar da ni Kumbotso inda Hajiya za ta riƙa ganina kullum. Bayan zaɓe na nemi sakamakon rumfar ƙauyen, na tarar kan garin a rabe yake, kamar na kowane gari. Ban sake ganin Shu'aibu ba, kuma na daɗe ban buɗe littafin da ke jakata ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, da rabin gidajen kawai ya raka ni, da ofis ba su lura da komai ba, da amsoshin sun shige cikin alƙaluman da ake karantawa a rediyo. Shi ya sa ba na ce muku alƙalumanmu ƙarya ne, amma duk sanda na ji su sai in tambayi kaina me aka kafe a ƙofar gida lokacin da ake tambayar. Mutanen ƙauyen nan ba su yaudare ni ba. Ni na tambaye su wa suke so, su kuma suka amsa mini wa suke tsoro. Don haka gobe idan mota ta sauke ku, kafin ku ƙirga gida huɗu, ku fara gano wane ne yake riƙe da ruwan garin, sannan ku shiga da ƙafarku.