Wasiƙar Da Sallau Ya Buga Wa Mato

Duk wanda ya yi hulɗa da ofisoshin Rano a shekarun da farar hula suka dawo mulki ya san Malam Sallau mai tafireta. Gajere ne, mai sanyin magana, da alƙalami biyu a aljihun gaba, yatsunsa kullum shuɗi saboda takardar kabon, sai ka ce marini. A Lausu aka haife shi ranar ƙaramar Sallah, sunan kuma ya bi shi. Ubansa ya sayar da bijimi ya tura shi Kano koyon tafireta, don a ganin tsohon, wanda ke aiki a inuwa ya gama tsira. Da ya dawo ya samu gurbi a wani ƙaramin ofishin aikin gona, ya auri Ramlatu, suka haifi 'ya'ya biyar, ya sayi keke, daga baya ya sayi tsohon babur. Shekara goma sha shida ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Mutane na cewa Sallau ba shi da abokin faɗa. Gaskiya ne, sai dai tsoro ma yakan taimaka wa mutum ya zauna lafiya.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano aka kawo musu sabon shugaban ofis, Alhaji Abdulganiyyu. Sai hantsi ya dubi ludayi yake shigowa, yana kaɗa makullin mota, kuma kafin ya zauna ya riga ya zazzagi mutum biyu. Bai san sunan kowa ba, kowa "kai" ne. Amma zagin ba shi ne babbar matsalarsa ba. Alhaji mutum ne mai ba da umarni ta tagar mota, gobe kuma ya rantse bai faɗa ba.

Sallau ya ɗanɗana tun watan farko. Alhaji ya ce masa ya kira manoman Rurum taro ranar Talata. Manoma suka baro gonakinsu suka zo, suka wuni a gindin dalbejiyar ofis, Alhaji ko ƙeyarsa ba a gani ba. Da suka dawo ranar Alhamis da fushinsu, sai ya fito ya nuna Sallau da makullin mota.

"Alhamis na ce wa wannan jakin. Ku yi haƙuri, irin ma'aikatan da aka haɗa ni da su ke nan."

Cikin manoman har da surukin Sallau, uban Ramlatu. Sallau ya tsuguna a gaban kowa ya ce, "Na tuba, Yallaɓai." Haka aka tarbiyyantar da shi: in babba ya ɗaga murya, ƙarami ya ba da haƙuri ko da shi ke da gaskiya. Amma ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sallau ya yi ta tunani har ya samo dabara, kuma dabara ce mai kyau, ba a raina masa. Duk umarnin da Alhaji ya jefo ta tagar mota, sai ya koma kan tafireta ya buga shi a layi biyu, da kwanan wata, ya cusa cikin tarin takardun da ake kai wa Alhaji ya sa hannu. Alhaji kuwa ba ya karanta komai, hankalinsa na gidajen kansiloli da 'yan siyasa, sa hannu kawai yake yi yana duba agogo. Sallau sai ya zare takardarsa ya kai gida, ya jefa cikin wata tsohuwar adaka a ɗakin Ramlatu. Bai gaya wa kowa ba. Shekara guda yana tara kariyarsa, yana jin daɗi a ransa duk ranar da aka zage shi.

Akwai direban tarakta a ofishin, Mato, mutumin Kibiya. Ya girmi Sallau da kusan shekara goma sha biyar, dogo ne mai furfura a gemu, bai yi boko ba, amma in inji ya yi tari daga nesa zai gaya maka abin da ke damunsa. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa taraktar ofishin, yana shafa ta da tsumma kamar doki. Kullum da safe zai leƙa tagar Sallau ya ce, "Akawu, an tashi lafiya?" ya ajiye masa ɓarin goro.

Wata Laraba da damina ta kankama, Alhaji ya tsayar da mota ya kira Sallau.

"Kai, gaya wa direban nan ya kai tarakta Kibiya gobe, gonar surukina ta fadama."

Sallau ya buga, aka sa hannu, takarda ta shiga adaka. Da ya isar da saƙon, Mato ya daɗe yana sosa gemu.

"Akawu, fadamar nan na san ta tun ina yaro. Yanzu ta sha ruwa, ko jaki ba ya shiga. Ga kuma mutanen Lausu suna kan layi tun bazara."

"Yallaɓai ne ya ce, Baba Mato."

"To, shi ke nan. Allah ya kiyaye."

Tarakta ta nutse har ciki. Wajen ƙoƙarin fito da ita ruwa ya shiga inji, ta mutu murus. Manoman da ke jira suka ji labari, kuma zamani ya canja, talaka ya san hanyar gidan kansila. Ƙara ta hau sama, aka ce za a turo kwamiti daga Kano ya binciki wanda ya kai tarakta gonar da ba ta cikin tsari.

Ranar Litinin Alhaji ya kira Sallau, ya rufe ƙofa, ya nuna masa kujera. A ranar ce Sallau ya gane ashe mutumin ya san sunansa.

"Malam Sallau, akwai ranar da ka ji na ce a kai tarakta Kibiya?"

Takardar na gida, da sa hannun Alhaji ɓaro-ɓaro. In ya fito da ita Mato ya tsira. Amma Alhaji zai gane shekara guda ana sa shi sa hannu a kan maganar bakinsa, kuma Alhaji na da mutane a sama. Sallau ya tuna 'ya'ya biyar, ya tuna bijimin ubansa. Ya dubi takalmansa.

"Ban riƙe ba, Yallaɓai."

"Madalla. Dama na san kai mai hankali ne."

Washegari aka ba Mato takardar tuhuma da Turanci, aka ce ya ba da amsa a rubuce cikin kwana biyu. Wa zai nufa in ba Akawu ba? Ya same shi a gindin dalbejiya bayan azahar, ya miƙa masa takardar da hannu biyu. Sallau ya karanta masa, ya fassara.

"To, rubuta masa na yi kuskure, na tuba, ya dubi girman Allah ya yafe mini," in ji Mato.

"Baba Mato, ko a rubuta cewa aiken ka aka yi?"

"Haba Akawu. In ƙaryata babba a takarda? Ba a yi mini wannan tarbiyya ba. Ya san gaskiya, na sani, kai ma ka sani. Kunya ce ta kama shi a gaban na sama. In na ƙasƙantar da kai zai huce, ya rufa mini asiri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

A zaure, tsakanin uba da ɗa ko mai gida da bara, maganar Mato daidai take. "Na tuba" a can ba amsa laifi ba ce, ruwa ne ake zuba wa wuta. Amma Sallau ya shekara goma sha bakwai yana buga takardun ofis. Ya san fayil ba ya hucewa. Ya san mutanen da za su zo daga Kano ba su san Mato ba, ba su san fadama ba, abin da ke rubuce kawai za su gani, kuma wanda ya rubuta "na yi kuskure" ya gama yanke wa kansa hukunci. Da ya ce masa, "Baba, a ofis ba haka ake yi ba," ko da bai fito da takardar adaka ba, da tsohon ya tsaya ya yi tunani. Bai ce ba. Abin da ya fi ci masa rai daga baya shi ne, a daidai lokacin wani sanyi ya ji a ƙirjinsa, don tsohon ya ɗauke masa nauyi da bakinsa.

Ya sa sabuwar takarda a tafireta ya buga wasiƙar. Ya zuba mata ladabi, ya zaɓo Turanci mai laushi, ko harafi ɗaya bai goge ba. Duk aikinsa bai taɓa buga wasiƙa mai kyan wannan ba. Mato ya dangwala babban yatsa a ƙasa, ya yi ta sa masa albarka.

Kwamiti bai yi minti goma a kan maganar ba. Direba ya amsa laifinsa da kansa, me ya rage? Aka sallami Mato, ba ko sisin sallama. Takardar korar ma Sallau ne ya buga.

Shi fa Sallau yana cikin waɗanda suka hau babbar mota zuwa Kano ranar ƙaddamar da shari'a, ya yi kabbara har muryarsa ta dushe. Wata Juma'a liman ya yi huɗuba a kan zunubin ɓoye shaida, Sallau ya ji kamar duk masallacin shi ake kallo. Ya fito ya manta takalmansa, sai da ya kai bakin titi ya koma.

Da Mato ya tsine masa, da ya fi sauƙi. Amma da kaka ta yi, sai ga tsohon a ƙofar gidansa da ƙullin gyaɗa a bayan keke, tun daga Kibiya.

"Akawu, ga ɗan abin miya. Ba na manta alherinka. Wasiƙar nan ka yi iya ƙoƙarinka, zuciyar mutumin ce ta yi tauri."

Haka ya riƙa yi kowace kaka. Ramlatu ta soya, ta yi ƙuli-ƙuli, yara su ci, Sallau ya ce shi gyaɗa na sa masa ƙwarnafi. Bayan zaɓen dubu biyu da uku aka ɗauke Alhaji Abdulganiyyu, aka ma ƙara masa girma. Uzurin tsoro ya ƙare, amma Sallau bai buɗe adaka ba. Yanzu ba Alhaji yake tsoro ba, idon Mato yake tsoro. In ya hango shi a kasuwar Rano sai ya kewaya ta layin masu tukwane.

Shekara shida aka yi haka. Aka kawo kwamfuta ofis, tafireta ta koma lungu, Sallau ya ajiye aiki da takardar yabo cewa bai taɓa samun tuhuma ba ko sau ɗaya. Wata safiya Ramlatu na neman wurin zuba kaya ta zazzage adakar, ta ce ya zo ya ƙone tarkacensa. Yana tsintar takardun ya ci karo da ta umarnin kai tarakta Kibiya. Ramlatu ta ga ya ware ta daga cikin sauran, ta tambaye shi. Ya gaya mata duka, bai rage komai ba.

Ramlatu ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Malam, ashe shekara shida gyaɗar mutumin nan nake ba 'ya'yana, kai kana cewa ƙwarnafi."

Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara. Shi kuwa ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya tayar da babur ya kama hanyar Kibiya.

Ya tarar da Mato a ƙofar gida yana gyaran injin ban ruwa na wani maƙwabci, hannunsa duk baƙin mai. Tsohon ya rame, gemun ya yi fari fat. Ya yi murna, ya shimfiɗa tabarma, ya sa aka kawo fura. Sallau bai hau tabarmar ba. Ya tsuguna a ƙasa, ya zaro takardar ya miƙa masa.

"Baba Mato, wannan umarnin kai tarakta fadama ne, da sa hannun Alhaji. Tana hannuna tun kafin ka tafi. Ranar da ka zo mini da takardar tuhuma tana ɗakin matata. Kuma na san in aka rubuta ka tuba, korar ka za a yi. Na sani, na buga."

Mato ya goge hannu a jikin rigarsa ya karɓa. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya riƙe ta a kife bai sani ba. Kaji na ta tsattsagar ƙasa a gefensu. Sallau ya so ƙasa ta tsage ya shige.

"Na tuba, Baba," ya ce. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya faɗi kalmar yana da laifin.

Tsohon bai zage shi ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya ninke takardar yadda ya ga an ninke ta, ya miƙa masa da hannu biyu, kamar yadda ya miƙa masa waccan a gindin dalbejiya.

"Riƙe abarka, Akawu. Ni ban iya karatun boko ba. Shi ya sa ran nan na zo wurinka."

Ya juya ya ɗauki sifana ya ci gaba da kwance injin. Furar na nan a kan tabarma, ƙuda na bin bakin ƙwaryar. Sallau ya daɗe a tsugune kafin ya iya tashi.

Da kaka ta zagayo, Ramlatu ta lura mijinta ya fitar da kujera ƙofar gida, yana wuni yana kallon hanyar Kibiya. Har aka gama roron wake ba keken da ya tsaya.