Tantin da aka hana mu kwana a ciki

Shekarun baya, lokacin hanyoyinmu na da lafiya, abokina ya zo Anka da tsohuwar motarsa da wani sabon tanti. Wai mu zaga ta Bukkuyum har Gummi, mu ga birai da zabin daji, mu kwana a fili. Ni kuma da rawar kai na yi masa alkawarin ko dare ɗaya ne sai mun kwana a tantin nan.

Mun samu wata fadama mai kyau kafin Bukkuyum, ga tsuntsaye, ga inuwa. Muna cikin kafa tanti sai ga wani dattijo makiyayi da sandarsa.

"Mi kuka yi nan, samari?"

Muka ce kwana za mu yi, don nishaɗi. Ya dubi tantin, ya dube mu.

"Ga ruga kusa, baƙo shi kwan cikin wanga tsumma? So kuke a zage ni?"

Babu irin bayanin da ban yi ba. Haka ya tasa mu gaba, aka dama mana fura, ya bar mana bukkarsa. Wallahi haushi kamar in yi kuka.

Washegari muka ƙara nisa, muka ɓuya bayan wani dutse kamar ɓarayi. Ashe dattijon ya aika wa ƙanensa cewa ga wasu bayin Allah nan marasa masauki. Shi ma ya kwashe mu. A Gummi ko fito da tantin ba mu yi ba. Biri ɗaya muka gani a duk tafiyar, shi ma ɗaure a gidan wani. Da muka koma Anka, abokina ya jefo min tantin ya tafi, ya daɗe ba ya ɗaukar wayata.

Da daji ya lalace da ɓarayin shanu, wata rana sai ga dattijon nan a ƙofar gidanmu da iyalinsa, babu saniya ko ɗaya. Ɗakuna suka yi kaɗan, na ce bari in kafa masa tanti a tsakar gida.

Inna ta harare ni. "Baƙo cikin tsumma? Ba gidana ba. Kwashe kayanka ka ba shi ɗaki."

Har yau in na tuna haushin da na ji a rugarsa sai kunya ta kama ni. Na dai kwana a tantin daga ƙarshe, kusa da turken awakin Inna, har damina ta wuce.