Saƙon Bappa ga Mawaƙin Jimeta

Ana idar da sallar asuba muka bar Maiduguri, mu uku a wata tsohuwar a-kori-kura ta aro: ni, da direba, da abokin tafiyata mai injin ɗaukar magana. Injin nan shi ne angon tafiyar. An naɗe shi da bargo biyu, mai shi ya rungume shi a kujerar gaba, ni kuwa da na shirya tafiyar aka tura ni baya tare da batir da garwar fetur. Jimeta muka nufa, garin da aka binne cibiyata. Rabona da shi tun da aka ƙirƙiro jihohi aka kwashe mu ma'aikata zuwa hedkwata.

Abin da ya tashe mu shi ne Bobbo, abokina tun muna elemantare. Tela ne a Jimeta, amma yana kaɗa molo yana rera waƙoƙin da shi ya tsara da kansa. Ba ya yi wa sarki, ba ya yi wa attajiri, ba shi da 'yan amshi, kuma in ka miƙa masa kuɗi sai ya ɓata rai. Shekara biyu ina damunsa da wasiƙu kafin ya yarda mu ɗauki waƙa takwas a tef, a kai Ikko a buga su a babban faifai. Naɗin tef uku kacal abokin tafiyata ya samo, kuma tun daga Damboa yake nanata mini cewa babu na huɗu.

Hanyar dai kun san ta, jar ƙasa da gargada, ga damina ta gama cin gefenta. A Biu muka karya da ƙosai mai zafi da kunu, sanyin dutsen garin ya sa na ciro rigar da na yi wa matata gardamar ɗauka. Daga nan aka shiga gangara da kwana. Direbanmu har yanzu bai gama shiryawa da tuƙin dama ba, duk sa'ad da babbar mota ta ɓullo sai ya yi salati kafin ya tuna ɓangarensa. A Song muka sha kindirmo wurin wata Bafulatana wadda ta juya sabon kwabon nan a tafinta, ta dube ni, ta ce in faɗa mata da sule. Na faɗa mata da sule, ta ƙara mana ludayi guda don na yi mata Fillanci, ko da yake nawa ya yi tsatsa.

Da la'asar sakaliya muka wuce Girei muka gangara bakin Binuwai. Kogin ya cika ya batse. Muna jiran jirgin fito na tsaya ina kallon tsallake, ga rumfunan kwano na kantunan bakin ruwa, ga hayaƙin masu gasa kifi. A nan muke zama muna yara mu jira jiragen kamfani da ke hawowa da damina su kwashi gyaɗa. A nan ne kuma, ranar bikin 'yancin kai, Bobbo ya fara fito da molonsa gaban jama'a, muka kewaye shi mu samari da 'yan tutocinmu na takarda, muna ganin duniya ta zama tamu. Yawancin waɗanda suka tsaya a wurin yanzu sun watse, wasu soja, wasu Kaduna, wasu sun riga mu gidan gaskiya.

Bobbo na jiranmu a tsallake da zare maƙale a hularsa. Ya yi ƙiba kaɗan. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce Barebari sun ramar da ni, na ce aƙalla su ba su sa ni tumbi ba. A gidansa muka sauka, aka kawo tuwon dawa da miyar ɗanyen kifi, da kunun gyaɗan da na yi shekaru ina ba mutanen Maiduguri labarinsa suna cewa ƙari nake yi.

Washegari ladabi ya ce sai mun shiga cikin Yola mun gaida Bappa a unguwar Alkalawa. Bappa ƙanen mahaifin Bobbo ne, shi ya riƙe shi tun yana ɗan shekara bakwai bayan rasuwar uban. Modibbo ne, wato babban malami, gidansu gidan karatu ne kaka da kakanni, gidan da ba a taɓa jin tsirkiya ta yi ƙara a cikinsa ba. Ga abin da ya kamata in gaya wa abokin tafiyata tun a mota, na manta: Bappa bai san Bobbo yana waƙa ba. Wato duk Yola da Jimeta sun sani, shi ma ba kurma ba ne, amma shekara goma sha ke nan bai taɓa nuna ya sani ba, Bobbo kuma bai taɓa nuna ya san ya sani ba. A kan haka suke zaune lafiya. Molon ma a shago yake kwana, bai taɓa shiga cikin Yola ba.

Muka tuɓe takalma muka durƙusa a zaure. Bappa ya yi mana jabbama, wato maraba, ya tambayi iyayena ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa waɗanda suka rasu addu'a. Sai ya juya ga baƙo ya tambaye shi abin da ke tafe da shi. Abokin tafiyata, mutumin kirki, yana so ya faranta wa dattijo rai, ya washe baki ya ce, "Allah gafarta Malam, waƙoƙin ɗanku muka zo ɗauka. Za a buga su a faifai da sunansa, har a rediyo za ku ji shi."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Bobbo ya sunkuyar da kai har hularsa ta kusa taɓa tabarma. Bappa kuwa ko gezau, ya gyara zaman carbinsa, ya tambayi baƙon ko ruwa ya yi yawa bana a Borno. Aka yi maganar ruwa, aka yi ta gero, aka shafa fatiha muka fito.

Muka koma Jimeta. Da muka isa shago Bobbo ya ce mu yi haƙuri, an fasa. Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na tuna masa nisan hanya da wasiƙun shekara biyu, na ce ai abin da kowa ya sani ba asiri ba ne. Ya ce ni ɗan kasuwa ne jikan 'yan kasuwa, ba zan gane ba: mutumin nan ya ciyar da shi, ya aurar da shi, bai taɓa neman komai a wurinsa ba sai wannan rufin fuska, yanzu kuma za a kira sunan gidansu a akwatin rediyo tsakanin goge da kalangu. Sai da aka kai azahar ana ja-in-ja kafin muka tsaya a kan cewa za a ɗauka, amma ba za a sa sunansa ba. Za a rubuta "wani mawaƙin Jimeta" kawai. Raina bai so ba, amma da babu gara ba daɗi.

Ɗakin ɗaukar wani ɗaki ne a bayan shagon mai gyaran rediyo. Muka lulluɓe bangon da barguna da buhunan gyaɗa, muka toshe taga da katifa. Wanda ya san zafin Jimeta ya san abin da muka jawo wa kanmu. Waƙa ɗaya, a buɗe ƙofa, a fito a matse riga. Ga zakaran makwabta da ba ya duba lokaci. Ga wata mata a bayan katanga da ta fara daka daidai an kunna inji. Na je roƙonta ta dakata, ta riƙe taɓarya ta ce, "In maigida ya dawo, waƙan ne zan zuba mishi a kwano?" Sai muka koma bin lokacinta, in ta huta mu ɗauka.

Kwana biyu muka yi a haka. Abokin tafiyata, wanda kunyar katoɓararsa ta hana shi sakewa, ya zage ya yi aiki. Yakan matsar da makirfo ɗan yatsa guda, ya sa Bobbo ya cire zobensa don yana ƙwanƙwasa ƙoƙon molo. Aka ɗauki waƙar jiragen gyaɗa, da ta tsohuwa mai kunu a bakin kasuwa, da ta samarin da suka tafi soja. Ta ƙarshe ita ce ta mahaifinsa, rabi Hausa rabi Fillanci, inda yake cewa ya tafi ranar Alhamis, ranar da allo ke hutawa. Sau ɗaya ya rera ta, ta fito ba tangarɗa. Da aka juyo mana ita muka ji, mai gyaran rediyo ya fita waje yana share ido da hannun riga. Tef ya ƙare daidai da ita.

Da safen ranar da za mu juyo, saƙo ya zo cewa Bappa na nemana, ni kaɗai. Na hau keken aro zuwa Yola. Na same shi a zaure shi ɗaya. Bayan gaisuwa ya daɗe yana kallon ƙofa, sannan ya ce, "An ce akwai wani mutum a Jimeta, yana da waƙa a kan wani malami da ya rasu."

Na ce haka ne, Bappa.

Ya ce, "Ka gaya ma mutumin nan ba Alhamis ba ne. Laraba ne. Ni na sallami yara ran nan don kar su ga fitowan gawa, shi ya sa ya ɗauka ranan hutu ne. Yaro ne lokacin. Abin da za a ajiye ya daɗe, a ajiye shi daidai. Kuma na ji wai ba za a sa suna ba. Malamin da ya rasu yana da suna, ɗansa ma yana da shi."

Ya jawo littafinsa. Ina taka keke ina tambayar kaina inda ya ji waƙar, tun da ba a rera ta a ko'ina sai a shago. Badukun da rumfarsa ke jingine da bayan shagon Bobbo ne ya warware mini. Ya ce Modibbo yakan zo kusan duk mako da wata tsohuwar gafaka a gyara masa ɗinki, ya zauna ya ba bango baya har la'asar. Gafakar nan, in ji shi, babu inda bai ɗinke ba a jikinta, wani lokaci sai ya farke ya sake don kada dattijo ya ji kunya.

Na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ban rage ba. Bobbo yana kan keken ɗinki, ya tsayar da ƙafarsa. Sannan ya tashi ya ɗauko molo ya ce a kunna inji.

Abokin tafiyata ya yi masa bayani cewa babu sauran tef, sai dai a hau kan ta jiya a goge ta, kuma irin wannan ɗauka ba a samunta sau biyu. Bobbo ya ce a goge. Muka koma cikin barguna da zafi. Ya canza baitin, ya ce ya tafi ranar Laraba, ƙaninsa ya sallami yara. Da ya zo wurin, sai muryarsa ta karye, molo ya yi gaba shi kaɗai na ɗan lokaci kafin ya kamo shi. Mai inji ya dube ni, ya ɗaga yatsa yana tambaya ko a sake. Bobbo ya girgiza kai. A takardar da za ta bi tef ɗin zuwa Ikko, shi ya karɓi alƙalami ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da hannunsa.

Kafin mu kama hanya muka koma Alkalawa sallama, har da Bobbo. Shi da Bappa suka yi hirar tsadar zare da ciwon gwiwa, babu wanda ya ambaci waƙa. Bappa ya ba baƙon da ya yi katoɓara goro biyu, mu ya ba mu ɗaya ɗaya.

Mun kwana a Gombi saboda taya, muka shiga Maiduguri washegari da azahar, jikina duk jar ƙasa, matata ta ce sai na yi wanka kafin ta tabbatar ni ne. Tef ɗin ya wuce Ikko, muna jira. Ni da na girma a Jimeta ina ɗaukar kawaicin mutanen Yola wahalar da kai ce kawai, na dawo na san ban fahimci komai ba. Abokin tafiyata har yanzu yana cewa ɗaukar farko ta fi kyau, kuma ta fuskar aikinsa gaskiya ya faɗa. In faifan ya fito kuka ji wurin da muryar ta karye a waƙa ta takwas, kada ku ce allurar garmahonku ce ta lalace. A wurin ne Bobbo, yana da 'ya'ya huɗu, ya fara faɗin ranar da ubansa ya rasu daidai.