Ranar da Ordinatar Cindo Ta Ƙi Ƙirga Shanu

Maƙwabcina Cindo, ko ruwa ka ba shi sai ya leƙa gindin kofin. Katanga ɗaya ta raba mu a nan Dakoro, na san halinsa tun muna yawo ba takalmi. Shi ya yi lakwal, karatun boko, har koleji, shi ya sa yake sakataren sandika, wato ƙungiyar masu lodin dabbobi. Ranar kasuwa yakan rubuta kowace mota, sunan direba, lambar wayarsa da shanun da ta ɗauka, ordinatar, kwamfutar aikinsa, ta haɗa jimilla da kanta. Bayan shi, mutum ɗaya ke da makullin biro, ofishin da injin yake: Zakiru, amininsa tun yarinta, wanda ma shi ya samo mishi aikin.

Wata ranar kasuwa ya buga abin da ya saba bugawa a ƙasan layin shanu. Maimakon adadi ya fito, sai rubutun ya zauna yana kallonsa, umarnin jimillar nan na =SOMME da tarkacensa. Ya goge, ya sake. Haka dai.

Da la'asar ya iske ni ƙofar gida.

"An taɓa mini inji."

"Sakatare, ko dai ta gaji da ƙirga shanun mutane?"

"Kai komai wasa ne. Wa ke da makulli?"

"Haba! Zakirun da ko wayarsa jikarsa ke buɗe mishi?"

"Irinsu ne abin tsoro. Sai su nuna ba su iya ba."

Ya shiga jero mini hujja. An ga Zakiru yana shan shayi da shugaban sandika. Ga shi Zakirun na da ɗan ƙanwa da ya gama karatu, ba aiki. Kuma kwanan nan ya cika tambayar "ya aiki?" Na ce ai ni ma kullum ina tambayarka. Ya dube ni, kallon da ban so ba.

Da safe, a gaban mai shayi, mutane cike, Cindo ya ce Zakiru ya ba shi makullinsa, ya san abin da ya yi. Zakiru ya ciro ya aje kan benci, ya biya shayin da bai sha ba, ya tafi.

Da ƙyar na ja Cindo da injinsa wurin Lailatu, mai shagon buga takardu a bakin tasha. Can ma bai yarda ta taɓa ba. "Ki faɗa, ni in danna."

Ta leƙa ta ce, "Kawu, wa ya mai da shafin nan duka Texte? In ka ce ma inji wannan gurbi na rubutu ne, ba ya lissafi a ciki, abin da ka buga shi zai nuna maka."

Ya zungure ni. "Ka ji ko? Wani ya yi."

Lailatu ta ce, "Ba abin da ka canza kwanan nan?"

Sai Cindo ya ce direbobin Jibiya lambarsu da sifili take farawa, injin kuma sai ya haɗiye sifilin. Wani direba ya gwada mishi dabarar mai da gurbin Texte don sifilin ya tsaya. Shi kuwa, don kada wani sifili ya sake ɓacewa, ya bi shafin gaba ɗaya ya yi mishi.

"Layin lambobin waya kaɗai za ka yi wa, Kawu."

Ta sa ya mai da sauran Standard, ya sake buga shanun makon nan da umarnin jimilla. Adadi ya fito tsaf. Ni dai na cije hula don kada dariya ta kuɓuce.

Ya je gidan Zakiru ba da haƙuri, ni na raka shi. Zakiru ya saurara har ƙarshe, ya ce, "A gaban mutane ka faɗa, Cindo, a zaure kake janyewa. Ba komai. Allah ya kyauta." Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa su, a tsaye.

Muna hanyar gida Cindo ya ce, "Zakiru bai da riƙo haka. Akwai mai zuga shi."

Na ce wa kenan?

Ya rage tafiya, yana dubana ta wutsiyar ido.