Ranar da Norman Ya Miƙe da Gangarsa

Ranar bikin unguwa, 'yan badujalar Handsworth suka fito da jajayen rigunansu suka hau babban titi, Norman Tranter na can baya da babbar ganga rataye a ƙirji. Mutumin gajere ne, gangar kuwa ta fi shi faɗi. In ya rataya ta, ba ka ganin komai nasa sai hula a sama da takalma a ƙasa. Da aka zo mahaɗa, jama'arsa suka sha kwana zuwa filin shaƙatawa. Norman ya miƙe. Ya yi ta dukan abarsa shi kaɗai, motocin bas na kauce masa, har ya faɗa tsakiyar ayarin wani ango ɗan Punjab. Makaɗan angon ba su yi fushi ba. Suka bi bugunsa, mata suka kewaye shi da rawa, wata tsohuwa ta rataya masa furanni. Sai a lokacin ya leƙo ta gefen ganga.

Daga baya ya ce ya lura ƙahonin sun yi shiru, amma ya ɗauka masu busar sun koyi ladabi ne.

A nan Birmingham aka haife shi, a layin da yake zaune har yau da matarsa Beryl. Yana saurayi ya gwada jita, zamanin da kowane yaro a garin ke son jitarsa ta yi ƙara kamar ana saran ƙarfe. Abokan kiɗansa suka kore shi da cewa yatsunsa sun fi dacewa da guduma. Gaskiya suka faɗa, don ya shiga masana'antar motoci, inda injin matse ƙarfe ya cinye masa rabin ji. Abin da ya rage masa shi ne sauti mai kauri. Shi ya sa in 'yan Jamaikan layin baya suka jera manyan lasifikokinsu, sai ka gan shi ya je ya jingina bayansa da akwatin yana lumshe ido. Ranar Lahadi kuma yana mashayar 'yan Ailan, yana buga ƙafa ƙarƙashin tebur har masu goge su roƙe shi ya sassauta. Gangar badujala kuwa ubansa ne ke buga ta kafin shi, kuma ita kaɗai ce abin da ake girmama shi a kansa.

Bayan abin kunyar, shugaban badujalar, Mista Hadley, ya kira shi gefe ya ba shi shayi da biskit. Ya yi ta kewaye-kewaye kan shekaru da lafiyar baya, sannan ya ce an ba wani dogon matashi gangar, shi kuma zai riƙa jera kujeru. Norman ya shanye shayin, ya zuba sauran biskit ɗin a aljihu.

Ya zauna a gida yana ƙwanƙwasa duk abin da ya samu: tebur, tukunya, murfin shara. Beryl ta ce masa ko ya nemi ganga ko ita ta nemi wani gidan. Balwinder, shugaban makaɗan angon nan, ya zo har ƙofa ya ce, "Kawu, ka dawo wajenmu mana. Mu ba ma shan kwana, duk inda ango ya nufa nan muke bi." Norman ya bi su biki ɗaya, ya ci abinci har ya kwance bel, amma ya dawo yana cewa kiɗansu na masu lafiyar gwiwa ne.

Shi kuwa dogon matashin yana hango hanya tun daga nesa, sai dai bugunsa kamar gudun akuya a kan rufin kwano. A jana'izar wani tsohon ɗan badujala ya yi ta ƙara sauri, har masu ɗauke da akwatin gawa suka kusa fara sassarfa.

Washegari Mista Hadley ya zo gidan, hula a hannu. Ya ce gangar ta Norman ce, amma da sharaɗi: dole wani ya riƙa tafiya a gefensa, yana jan hannun rigarsa a kowace kwana.

Beryl ta leƙo daga kicin. "Ni zan yi. Ai na san inda ake kama tsohon."

Mista Hadley ya tambaye shi ko ba zai ji kunya ba, mace tana jansa a gaban jama'a.

Norman ya miƙe yana neman sandar gangarsa. "Tun ranar da aka ɗaura mana aure take juya ni inda ta ga dama, Hadley. Yanzu dai za ta yi da kiɗa."