Kujerar da Aka Hana Baba Ɗanjuma

Ko me zan manta a aikin nan, ba zan manta da wata Alhamis ba, rana ta huɗu ta bikin fina-finai, lokacin ina jami'in kula da zaure a wata cibiyar al'adu a nan Abuja. Ku da kuka shigo aikin yanzu ku buɗe kunne, don abin da ya faru ranar har gobe ana yin sa, kuma duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci.

A lokacin ina mataki na takwas. Aikina ƙofa da kujeru: wa zai shiga, ina zai zauna. A samana akwai Hajiya Binta, Mataimakiyar Darakta mai kula da tarbar manyan baƙi, abin da muke ce wa furotokol. A samanta kuma sai Darakta, wanda ba kasafai ake ganinsa ba sai in za a ɗauki hoto.

Zaurenmu ba ya hutawa. Farkon shekara masu baje kolin littattafai, bayan Sallah 'yan barkwanci da mawaƙa, da damina masu nunin tufafi, gab da Kirsimeti mawaƙan coci. Bikin fina-finai kuwa sai ruwa ya ɗauke yake zuwa, mako guda cur. A wannan makon da na idar da sallar asuba nake barin Kubwa, don in ka yi sanya layin bas kaɗai ya ishe ka.

Kowane irin taro ne, doka ɗaya ba ta canjawa. Sahu uku na gaba na manya ne. Kowace kujera mukan manna mata takarda ɗauke da muƙamin mai ita, kuma ba a cire takardar sai da izini daga sama. Ranar buɗe taro manyan kan zo, a yi jawabi, a ɗauki hoto, su tashi tun ba a kashe fitila ba. Daga ranar ko direbansu ba ka ƙara gani. Don kada zaure ya fito wayam a hoto, sai a aika wa ma'aikatu takarda kowace ta turo mutane su cika baya. Haka za ka ga baya a cike da masu latsa waya suna hamma, gaba kuma takardu ne ke kallon fim.

Da safiyar wannan Alhamis wata matashiya 'yar Jos mai suna Hajara ta same ni a bakin ƙofa. Fim ɗinta za a nuna da ƙarfe uku, gajere ne, bai kai rabin awa ba. A ƙauyen Paikon Kore ta ɗauke shi, kan matan Gbagyi masu ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka. Ta ce mini babbar tauraruwar fim ɗin wata tsohuwa ce, Mama Laraba, wadda ta rasu bayan an gama ɗauka, kuma mijinta zai zo.

"Malam Sani, idonsa ya yi yana," in ji ta. "Na nuna masa a waya, na nuna masa a kwamfuta, ya ce inuwa kawai yake gani. Sai dai a babban majigi, kuma a kusa. Mu masu fim za a kai mu sama wurin alƙalan gasa, kuma karɓe mana waya suke yi. Don Allah ka sa shi a gaba."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan ai ƙaramin abu ne. Da bakina na faɗa.

Uku saura kwata sai ga su. Baba Ɗanjuma dogon tsoho ne, ya sa riga sabuwa da karin guga a jikinta, 'yarsa Talatu na riƙe da hannunsa. Mota uku suka canja kafin su iso. Muka gaisa, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Ɗana, matata ne yana cikin wannan fim," ya ce da Hausarsa ta mutanen yankin. "Tun da ya mutu ban gan shi ba. Sun ce a nan zan gan shi babba."

Na ce su ɗan jira ni nan, na shiga na sami Hajiya tana duba jadawali. Na yi mata bayani.

"Haba Sani, kai ma ka san furotokol. In Babban Sakatare ya shigo ya tarar da wani a kujerarsa, kai za ka amsa?"

"Hajiya, yau kwana uku ba wanda ya zauna a sahun nan. Kujera ɗaya kawai, ta can gefe."

"Ba ni na sa dokar ba. Ka rubuto, Oga ya sa hannu, shi ke nan."

Ku ji fa! Takarda a kan kujera ɗaya. Kuma ni, da gemuna, na zauna na rubuta. Gaskiya tsoro ne ya kama ni. A bara waccan an ba wani abokin aikina takardar tuhuma don ya zaunar da mai ciki a sahu na biyu, ni kuma fayil ɗin ƙarin girmana yana kan tebur. Na ce a raina minti biyar ne, in bi a hankali, a rabu lafiya.

Na hau bene da gudu. Sakatariyar Darakta ta ce yana da baƙi, in zauna. Ta cikin ƙofa ina jin ƙarar cokali da dariya. Na duba agogo, uku ta buga. Na roƙe ta ta shigar da takardar, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Oga ba ya son a katse shi." Uku da minti goma, uku da kwata. Da ƙyar ya fito rakiyar baƙinsa, na tare shi a bakin bene. Ko karantawa bai yi ba, ya ɗora takardar a bango ya sa hannu.

"Wannan ma sai an tambaye ni?" ya ce, ya wuce.

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na sauko ina haki. Wata dokar tamu ita ce da zarar an kashe fitila a rufe ƙofa, kuma mai gadi ya bi doka, ya rufe. Na tarar da Baba ya jingina kunnensa a jikin ƙofar, ya rufe ido. Talatu na tsaye riƙe da sandarsa, ko kallona ba ta yi ba.

Na buɗe, na kama hannunsa, muka ratsa duhu har sahun farko. Na yage takardar da ke kan kujerar tsakiya, ba ta gefe ba, na zaunar da shi. Ya ɗaga kai ya buɗe ido iya ƙarfinsa. A majigi wani malamin jami'a ne da tabarau yana bayani da Turanci. Bayansa aka nuna gona, aka nuna hanya, sai sunaye suka fara hawa.

Talatu ta sunkuyo ta ce, "An wuce wurin Mama."

Aka kunna fitila, mutanen baya suka tafa don an ce su tafa. Na durƙusa a gabansa. Shi ya riga ni magana.

"Bari, ɗana. Na ji shi daga ƙofa. Yana dariya, yana ce wa yarinyan nan ya ci abinci. Muryan ne, bai canja ba." Ya shafa hannun kujerar. "Kujeran nan yana da laushi. Mai shi bai zo ba?"

Na ce bai zo ba.

Da Hajara ta sauko ta ji abin da ya faru, kuka kawai ta yi. Muka je wurin Hajiya tare muna roƙon a maimaita fim ɗin, ko da kashegari da safe kafin mutane su zo. Ta ce jadawali na kwamiti ne, mu rubuta wa kwamiti. Muka rubuta. Majigin na haya ne, ran Asabar masu shi suka naɗe kayansu suka tafi. Amsar kwamiti ta iso bayan mako biyu, wai za su duba yiwuwar hakan a bikin baɗi.

Baɗin ta zo. Hajara ta dawo da wani fim, na tambaye ta Baba. Ta ce yana nan da rai, amma idon ya rufe gaba ɗaya.

Ni kuwa a ƙarshen wannan shekarar aka ba ni takardar yabo, wai na tafiyar da zaure cikin tsari ba tare da an sami ƙorafi ko ɗaya ba. Ƙarin girman ma ya fito. Da na kai takardar gida uwargidana ta ce a sa mata gilashi a rataye a falo, na ce ta bar ta cikin akwati.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan Hajiya, da Darakta, da sakatariyarsa, kuma har yau ban wanke su ba. Muna shirya biki da sunan jama'a, muna ɗauko rayuwarsu mu haska a bango, sa'an nan mu tsayar da su a waje don mu girmama mutanen da ba su ma san ana yi ba. Amma tsakani da Allah, takardar kan kujerar nan ɗan gam ne kawai ke riƙe da ita, kuma hannuwana biyu lafiyarsu ƙalau tun uku saura kwata.

Don haka ku yara, in kun ga mutum a tsaye da buƙatarsa, kujera kuma ba kowa, ku zaunar da shi tukuna. In takardar tuhuma ta zo ku amsa ta, kwana biyu an manta. Ni na yi shekara talatin da ɗaya a aikin nan ba a taɓa ba ni ko ɗaya ba, kuma kada wanda ya kuskura ya yaba mini a kan haka.